Rigar Ragowar Zare ta 'Yar Fari

Saƙa ce ta ciyar da ni bayan mutuwar maigidana. Ɗan dako ne a tashar jirgin ƙasa. Ya kwanta da zazzaɓi, bai tashi ba. Kafin shi na binne yara biyu, mace da namiji. Duka da damina suka tafi, duka da tari abin ya fara. Aka ce in koma gida. Gidan da ake nufi babu kowa a cikinsa sai matar kawuna. Na zauna a ɗakina na haya a Ƙetaren Gwari, nan cikin Minna.

Maƙwabciyata ce ta koya mini saƙar. Mutuniyar kudancin Kaduna ce, mijinta masinja ne a sakatariya, ita kuma a zumuntar matan cocinsu ta koyo. Ɗakinta yana kallon nawa, igiyar shanyarmu ɗaya. Bayan na fita takaba ta ga kullum ina zaune ina kallon bango. Wata rana ta ajiye mini kibiyar saƙa biyu da dunƙulen zare a cinya, ta ce, "Riƙe. Hannu ya yi wani abu." Tun daga ranar Malama nake ce mata. Tana da littafin saƙa mai hotuna. Ni ban iya karatu ba, ido nake sa wa abu in yi irinsa.

Lokacin ba a daɗe da mayar da Minna babban birnin jiha ba. Ma'aikata sun cika gari, matansu suna ta haihuwa. Kowace tana son jaririnta ya fito ranar suna da riga da hula da safa iri ɗaya. Su kawo zare, in saƙa. Abin da ya rage nawa ne, kamar ƙyallen tela. Wani ya kai girman ƙwai, wani girman goro, wani bai wuce in naɗe yatsa ba. Ina da kwalla mai murfi, ita kaɗai ta rage cikin kayan aurena. A ciki nake zubawa, da ƙwayar kafur saboda asu.

Yarinya ɗaya ta rage mini, 'yar fari. Ba a hannuna take ba. Ranar da aka yaye ta, yayar maigidana ta zo ta goya ta, ta tafi da ita unguwar Barkin Sale. Ita maza Allah ya ba ta, babu mace. Haka ake yi. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta tambayar ya ci ko bai ci ba. Uwata haka ta yi da yayana har ta mutu. Yarinyar ta tashi tana ce wa gwaggonta Inna. Ni kuwa Anti take ce mini. Anti mai saƙa.

Shekarar da nake magana ta isa talla. Yaya, haka nake kiran gwaggon nata, ta ɗora mata tiren dafaffiyar masara. Takan zagayo ta unguwarmu, ta tsaya a ƙofar gida ta yi kira, 'yan haya su saya. Ni ba na fita. Daga bakin ɗakina ana hango ƙofar, ya ishe ni.

Sai marka ta kama. Wanda ya san Minna ya san ruwan nan da ba ya tsayawa, ba ya kuma zuba da ƙarfi ya huta. Shanya ba ta bushewa, ashana ba ta kamawa, sanyi yana fitowa daga siminti ya shiga ƙashi. Ran nan ta tsaya a ƙofa za ta yi kiran masara, tari ya tare ta. Na ajiye kibiya. Na san tarin nan. Sau biyu na ji shi a ɗakina.

"Kin ji?" in ji Malama, tana tsince shinkafa.

"Na ji ruwa."

"Ba ruwa ba. Yarinyarki."

"'Yar gidan Yaya ce."

"'Yar gidan Yaya! Yaya ce ta yi naƙudarta? Ni dai wannan abu naku ya fi ƙarfina. Kin rufe 'ya'yan rabin sakatariya da ulu, taki tana yawo da 'yar shimi."

Na ɗauki kibiyata. Ita ba za ta gane ba. Sabon zare launi ɗaya magana ce. In na saƙa sabuwar riga na kai Barkin Sale, na faɗi abu biyu: ba ni da kunya, kuma Yaya ba ta iya riƙo ba. Yaya ba ta da faɗa, amma tana da zuciya. Za ta iya sauya wa yarinyar hanyar talla, shi ke nan. Wucewar nan ta ƙofar gidanmu ita ce duk abin da nake da shi. Ga shi shekarun da ake layin sabulu da madara ne, zaren ma sai an sha wahala ake ganinsa a kasuwa.

Ragowa kuwa ba magana ba ce. Ragowa shara ce. Ba wanda zai ce an nuna so da shara.

Na juye kwallar a kan tabarma. Na ware ruwan hoda da fari gefe, na mayar da su. Waɗannan za su tona ni, kowa ya gani ya san don mace aka yi, kuma ya san wace macen. Na ɗauki ruwan toka, ruwan ƙasa, shuɗi, kore, da wani ruwan goro da ya rage daga hular ɗan matar wani akawu. Kaurinsu ba ɗaya ba ne. Siraran na riƙa haɗa biyu su zama ɗaya. Layi biyu ko uku, zare ya ƙare, in ƙulla wani. Cikin rigar duk ƙulli ne. Ƙulli yana cin fata, don haka kowanne sai na bi shi da allura na tura bakinsa cikin saƙar. Wannan ya fi saƙar kanta cin lokaci.

Awo ne ya ba ni wahala. 'Ya'yan mutane ana kawo mini su in auna da taƙi, daga kafaɗa zuwa ƙugu. Ita ban taɓa jikinta ba tun da aka yaye ta. Amma na lura in ta tsaya a ƙofa da tirenta, kafaɗarta tana kaiwa daidai sakata. Da ta tafi na je na auna ƙofar. Wata 'yar haya ta gan ni, ta ce ko kafinta na koma. Na ce sakatar ce take motsi.

Ƙirjin na ninka shi. Wuyan na ɗaga shi sama. Tsakanin aikin mutane nake yi, in hasken rana ya samu, don ranar marka ɗakina kamar rami yake. Yatsuna suka kumbura, idona yana ruwa. Da na gama na ɗaga ta na duba. Mummuna ce. Ratsi kan ratsi, babu wanda ya yi daidai da ɗan'uwansa. Amma tana da nauyi a hannu. Na wanke ta, na sake wankewa, na sa ta ƙarƙashin katifa don ta yi kama da wadda aka taɓa sawa.

Sannan na kai wa Malama.

"Ki kai Barkin Sale. Ki ce ta 'yarki ce, ta yi mata kaɗan."

"Ƙarya za ki sa ni? Ni da nake riƙe da waƙa a zumunta?"

"To ki ce kin samu."

"Wannan dai na samu, gaskiya ne. Wa zan ce a ba?"

"Ki ce a ba yara."

"Ba zan kira sunanta ba?"

"In kin kira, an san daga ɗakin da ta fito."

Ta dube ni, ta girgiza kai, ta ɗauki lema. Da ta dawo ta ce Yaya ta yi godiya, har ta ba ta masara.

Na jira in ga rigar a ƙofa. Yarinyar ta zo da shiminta, ta rufa kafaɗa da wani tsohon tawul. Ta sake zuwa, haka. Na ce ko Yaya ta ajiye sai an wanke. Ranar Juma'a na shirya na tafi gaida Yaya, kamar yadda nakan yi lokaci-lokaci.

Tun daga bakin layi na hango rigar. Autan Yaya ne a ciki, namiji, wanda yarinyar ta ɗan girma. Ya tsuguna a bakin kwata yana tura jirgin takarda, hannun rigar yana jan ruwa.

"Amarya, sannu da zuwa," in ji Yaya. Har ta mutu amarya take ce mini, ko da yake na binne miji da 'ya'ya. "Kin ga abin arzikin da maƙwabciyarki ta kawo? Launi kamar an zubar da rumfar mai rini. Auta ya ɗauka ya ƙi cirewa, da ita yake barci."

"Ta yi masa kyau," na ce.

Yarinyar tana madafa tana hura wuta a ƙarƙashin tukunyar masara. Itacen jiƙaƙƙe ne. Ta hura, ta yi tari, ta hura. Ta leƙo ta ce, "Anti, ina wuni." Na ce lafiya, ina kallon Yaya. Na sha ruwan da aka ba ni. Na koma gida a ƙasa.

Malama ba ta ce ta gaya mini ba. Ta dai ajiye kwano da ƙarfi.

"Ki saƙa wata."

Na buɗe mata kwallar. Ruwan hoda da fari, ba su fi cikin tafin hannu biyu ba. Ko hula ba za su yi ba. Kafin wata ragowar ta taru, marka ta gama abin da za ta yi.

Na ci gaba da aikin mutane. Akwai suna a gidan wani ma'aikacin asibiti, akwai wani a Dutsen Kura. Hula, safa, riga. Hula, safa, riga. In yarinyar ta tsaya a ƙofa ina jin tarin yana sauka ƙasa, daga maƙogwaro zuwa ƙirji. Ina lissafin sauran damina, ina tuna lokacin da waɗancan biyun suka kai nan. Abinci ya daina yi mini daɗi. Ban yi kuka ba. Na gama kukana tun a na biyun.

Wata safiya ba ta tsaya a ƙofa ba, ta shigo har bakin ɗakina. Ta sauke tire, ta ciro wani abu daga leda.

"Anti, Inna ta ce ki gyara. Auta ya maƙale ta a waya, gwiwar hannun ta warware."

Rigar ce. Rami ya kai shigar yatsa uku, zaren shuɗin yana reto.

Tsakar gida ba kowa sai Malama. Na ce, "Sa in gani. Ai tsayinku kusan ɗaya da shi."

Ta sa. Na kama kafaɗar kamar mai duba ɗinki. Na bi gefen da tafin hannu. Haƙarƙarinta ana ƙirgawa ta cikin ulu. Jikin da ɗumi. Da ta ja numfashi na ji abin a hannuna, kamar ruwa ya fara tafasa a ƙasan tukunya. Awon ƙofa bai yi ƙarya ba, kafaɗar ta zauna daidai. Hannun ne ya ɗan gaza.

"Tana da ɗumi, Anti," ta ce.

"Cire. Ba taki ba ce."

Ta cire. Malama ta kira ta ta ba ta kunu mai zafi da citta, ta tsaya a kanta sai da ta shanye. Na ce in ta zagayo gobe ta karɓa.

Ramin bai ɗauke ni komai ba. Na kama idanun saƙar da suka zube, na ɗaure, na rufe. Na riƙe rigar a cinya. Sai na jawo kwallar, na ɗauki kwarashi.

Na fara daga ƙasa. Na zagaye bakin rigar da ruwan hoda, na tattara shi ya yi fiffike kamar bakin siket. Na yi wa bakin hannu haka, na ƙara tsawon da ya gaza. Na yi wa wuya. Da farin na yi fulawa na dasa a ƙirji, na yi wata a kusa da ita. Guntun da ya rage na yi tuntu biyu na rataya a wuya. Ban bar ko tsawon yatsa ba.

Malama ta leƙo, ta tsaya, sai ta zauna a ƙasa tana dariya har tana riƙe ciki.

"Wannan gwiwar hannu ta yi nisa!"

"Zaren da ya rage ke nan."

"Allah ya shirye ki. Ashe kina da baki, a hannu yake."

Yarinyar ta zo ta karɓa a cikin leda, ba ta buɗe ba.

Kashegari da hantsi Yaya ta zo da kanta. Ba ta saba zuwa ba, ƙafarta tana ciwo. Ta shigo da lema mai karyayyen ƙarfe, zaninta ya jiƙe har gwiwa. Na shimfiɗa mata tabarma. Ta zauna tana haki. Muka gaisa, muka tambayi ruwa, muka tambayi gajiya.

"Amarya, gwiwar hannu na ce."

"Ita na gyara, Yaya."

"Yaro ya sa ya fita. Yaran layi suka bi shi suna tafi, ga amarya, ga amarya. Ya dawo yana ihu, ya tuɓe ya jefa kan akurkin kaji. Ya ce ko kashe shi za a yi ba ya sake sawa."

"Zaren da ya rage ke nan."

Ta matse bakin zaninta. Ruwa yana ɗiga daga bakin kwano cikin bokiti. Na jira ta ce daga yau yarinyar ba ta sake biyowa ta nan. Na riga na shirya jin haka.

"Tun ranar da matar nan ta kawo na juya cikin rigar," ta ce. "Wa ke ɓoye ƙulli haka a garin nan? An ce a ba yara. Ina da yara. Wanda ya fi ihu ya ɗauka. In na ƙwace daga ɗan cikina na ba ta, ubansu ya tambaye ni dalili, me zan ce? In ce uwarta ce ta aiko?"

"Ban iya cewa ba, Yaya."

"Na sani. Nawa na farin a Bida ya girma. Ban taɓa saya masa ko takalmi ba." Ta murza gwiwarta. "Kina tsammani ba na jin tarin? A ɗakina take kwana. Na ba ta zuma, na kai ta kemis. Amma in tire bai fita ba, tukunya ba ta hawa wuta. Ke ma kin sani."

"Na sani."

"Maza ne cike da gidana, kowa da ƙafarsa. Ba ki tambayi kanki don me ita na aiko da rigar ba?"

Na miƙe. Na kawo mata sauran ɗumamen tuwo, ta ci kaɗan. Da za ta tashi sai da na kama hannunta.

"To ɗana fa? Kin tuɓe shi a tsakiyar marka."

"In ragowa ta taru."

"Ba fulawa."

"Ba fulawa."

Da la'asar na ji kiran masara a ƙofa. Tana tsaye, kafaɗarta daidai sakata, tuntu biyu suna lilo a wuyanta. Ratsin toka, ratsin ƙasa, fiffiken ruwan hoda. Wata 'yar haya ta ce kai, wannan riga sai ka ce ta 'yar tsana. Yarinyar ta juya don a ga bayan. Ta hango ni ta ɗaga murya.

"Anti, Inna ta ce tawa ce yanzu!"

"Ragowa ce," na ce. "Kada ki bari ta jiƙe."

Tarin bai tafi ranar ba. Bai tafi satin ba. Ya tsaya inda yake, bai ƙara sauka ba. Da ruwa ya ɗauke shi ma ya ɗauke. Ban san ko rigar ce ba, ko zumar Yaya, ko kwananta ne bai ƙare ba. Waɗancan biyun ma na rufe su da duk abin da nake da shi.

Autan na saƙa masa tasa daga baya, shuɗi da toka. Ya sa ta sau kaɗan ya yar a filin ƙwallo.

Damina ta gaba Yaya ta sake aiko ta da rigar, wai hannu ya yi gajere. Na auna ta da taƙi, na ƙara da abin da ke cikin kwalla. Ta gaba ma haka. Rigar ta yi ta tsawo, launi yana hawa kan launi, har ƙirjin ya ƙi shiga. Sau ɗaya a shekara ke nan nake sa hannu a jikinta, da izini. Daga ƙarshe rigar ta koma tsumman sauke tukunya a madafar Yaya. Na gan ta a can, fulawar ɗaya tana nan, ta yi baƙi.

Bayan haka gwanjo ya cika kasuwa, rigunan sanyi tuli-tuli, mutane suka daina kawo zare. Mijin Malama ya yi ritaya suka koma garinsu. Idona ya rage. Na koma sayar da ƙuli-ƙuli a ƙofar gida.

Yarinyar ta yi aure a Dutsen Kura. Ta haihu, aka yaye, dangin mijinta suka ɗauka. Wata damina ta zo gaishe ni. Ta zauna a bakin ɗaki tana kallon ruwa, ta daɗe.

"Anti, kwallar nan tana nan?"

"Tana nan."

"Ko da ɗan ragowa a ciki?"

"Na wa?"

Ta sunkuyar da kai. "Na yara."

"Ba a cewa na yara," na ce. "Gidan da yake, su nawa ne, kuma wa ya fi ihu?"

Ta fara lissafa mini. Na jawo kwallar, na ce ta zo kusa ta ware launin, ni ba na bambance shuɗi da kore yanzu.